Hannun Evaristo

Ni na kawo manhajar daga Tartu, a jakar baya,
hutun Disamba, rana na faɗuwa tun ƙarfe uku.
Kakana Valdur na ɗakin katako bayan gida a Kärdla,
inda ragar kifi ke rataye da igiyar albasa,
eriyarsa ɗaure daga bututun hayaƙi zuwa bishiya,
ƙanƙara ta danne ta har ta yi ciki.

Na ce, Kaka, ajiye fensir.
Shekara talatin a jirgin ruwa kana kwasar ɗigo da ja,
kunne ya yi bauta, bari inji ya karɓe ka.
Ya turo mini kujera da ƙafa. Ko uffan.

Daren farko ta fitar da ni kunya.
Wani Bajamushe na bugawa da kwamfuta, tsaf kamar ɗinkin keke,
haruffa suka jeru a allo, babu mai tuntuɓe.
Na dubi Kaka.
Ya ce, a kwantaccen ruwa kowa gwanin iyo ne.

Sai Alhamis, zangon mita ashirin.
Sama ta cika da tsaki da tartsatsi
kamar ana suyar kifi a cikin lasifika,
wani na fito a gefe, wata tasha na tari.
Can ƙarƙashin duk wannan, siririn sauti,
ya ɗago kai, ya nutse, ya sake ɗagowa.
Manhaja ta ruɗe.
Tsawa ta yi ƙyas, ta ce E,
iska ta ja numfashi, ta ce T,
E E T I E T E,
sai ka ce kaza ta taka tawada.
Na tace, na matse zango, na sake tacewa.
Cikin goma ta kamo huɗu, biyu ma shaci-faɗi.

Kaka ido rufe, fensir na tafiya.
Evaristo ne, in ji shi, daga Punta Arenas,
gwiwa ta hana shi hawa tsani, guguwa ta karya masa eriya guda.
Na ce, a ina ka tsinto wannan?
Ya ce, jansa na ƙarshe yakan yi tsawo kamar mai jan ƙafa,
in dariya ta kama shi, haɗiye tazara yake.
Shekara ashirin da shida, ban san kalar idonsa ba.
Injinki tsawo da gajarta yake aunawa,
ni na san wanda nake jira.

Na koma makaranta da haushi a wuya.
Na kwance lissafin, na sake ɗaurawa,
na ɗura mata awa ɗari na hayaniya,
na koya mata hannun tsofaffi.
Ta kai bakwai cikin goma. Har na sayi kek.

Afrilu na dawo, ƙanƙara ta saki eriya.
Alhamis, lokaci ya yi, kira ya shigo,
lambar Evaristo ce,
allo ya cika tas, harafi na bin harafi,
goma cikin goma, ba E ɗin banza ko guda.
Na miƙe tsaye: Kaka, duba!

Bai duba ba. Fensir na kan tebur tuni.
Ya ce, ba hannunsa ba ne.
Tun harafi na uku ya sani.

Sannan na karanta abin da nake wa murna.
'Yarsa ce, Amparo, take bugawa da kwamfuta:
maɓallin baba ya yi shiru ran Lahadi,
ya bar takarda, a gaya wa mutumin tsibiri.

Kaka ya jawo maɓallinsa na tagulla
don ya buga bakwai da uku, sallamar masu rediyo,
a hankali, yatsu na rawa.
Manhajata ta kasa kunne.
Ta kama bakwai,
ukun ya watse mata a hannu:
E E E T T.

Ban gyara ba.